Sunan da Jarida Ta Buga

Jos, 14 ga Janairu, 2019

Yaya Mairo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ke da 'ya'ya da jikoki. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ta hana ni sujada a ƙasa, a kujera nake salla yanzu. Larai ce, in har sai na faɗa. Rabon da ki ga rubutuna tun takardar da na aiko miki ta rasuwar Baba, shekara talatin da takwas ke nan, ita ma ba ki amsa ba.

Surukata Fauziyya ce za ta umara, ita na ba wannan takarda. An ce mini kunnenki ba ya jin waya sosai. Ko da yana ji ma, maganar ba ta waya ba ce.

Wata biyu da suka wuce wata mata mai suna Sajida ta zo Jos da mai ɗaukar hoto. Fim take haɗawa a kan matan da suka shiga gasar sarauniyar kyau ta ƙasa a shekarun farko. Ta tono tsohuwar jarida ta 1962, ta zo da hoton nan da kika sani: 'yan mata goma sha biyu a jere a Ikko, ƙarƙashin ta huɗu daga hagu an rubuta Mairo Hussaini, Jos. Ta bi unguwa tana tambayar gidan Malam Hussaini magatakardan alƙali, aka kawo ta wurina, tunda ni kaɗai na rage a Jos cikin waɗanda suka tashi a gidan. Na gaya mata kakarki da kakata ne 'yan ɗaki ɗaya, amma mahaifinki ne ya riƙe ni tun ina shekara shida da na zama marainiya. Ta tambayi inda kike, na ce kina Jidda.

Yaya, na riƙe hoton ina kallo. Sajida tana ta yabon yarinyar, wai ita kaɗai ce daga Arewa a jerin, wai jaruma ce. Na dai ce mata ta dawo wani lokaci.

Na yi tunani iya tunani. Ina ganin lokaci ya yi da za a gyara maganar sunan nan, kowa ya san gaskiya kafin mu mutu. Amma ba zan yi komai ba sai na ji daga gare ki.

Na sa miki daddawa da kuka da ɗan acca. Fauziyya za ta yi mako biyu, ki ba ta amsa.

Ƙanwarki,
Larai

*

Waziriyya, Jidda, 20 ga Jumada Ula, 1440

Larai,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso, daddawar ta yi kyau. Lafiyata ƙalau, sai sukari da ido. Ina zaune wurin ɗana tun rasuwar mijina Abduljalil, Allah ya jiƙansa. Ki yi haƙuri da rubutuna, hannun ya manta boko.

Sau huɗu na karanta takardarki. A na huɗun jikata Areej ta shigo ta same ni ina kuka, ta ce, "Sitti, wa ya mutu?" Ita Hausa tana ji amma bakinta Larabci ne. Na ce ba wanda ya mutu, wata ce ta tashi.

Bari in faɗa miki abin da na tuna, in na yi kuskure ki gyara. Ina Ikko ina koyon aikin waya, kika zo mini hutu. Kika ga tallan gasar a jarida kika ce za ki shiga. Ban hana ki ba, ni ma yarinya ce. Ni na ara miki shuɗiyar rigata mai buɗaɗɗen wuya, ni na gyara miki gashi, na zauna a layi na uku don in tafa miki. Abin da ban sani ba shi ne ba a karɓar wadda ba ta cika sha takwas ba, ke kuwa sha bakwai gare ki, kin ɗauki takardar makarantata daga akwati kin kai musu. Da mai sanarwa ya ce "Mairo Hussaini daga Jos", wallahi sai da na yunƙura zan miƙe. Sai na ga ke kika fito.

A hanyar gida kin kama ƙafata kina kuka. Kika ce in Baba ya sani zai kore ki, ba ki da inda za ki. Kika ce in ba ki mako ɗaya, da kanki za ki faɗa. Jarida ta isa Jos kafin mu isa. Fuskokin ƙanana ne kamar ƙwayar gero, muna kuma kama, amma sunan ya fito baro-baro. Na ba ki mako ɗaya. Na ba ki wata biyar. Ranar da Baba ya sa ni a jirgin alhazai a Kano kina tsaye kina ɗaga mini hannu.

Ban rubuta wannan don in tayar miki da hankali ba. Na rubuta ne don ki san girman abin da kike shirin yi, kuma ki san na gode. Ga yadda nake so. Ki tara 'ya'yan ƙannena da duk wanda ya rage a dangi, ki faɗa musu da bakinki cewa Mairo ba ta hau dandali ba, Mairo ba ta ci mutuncin ubanta ba. Baba da Inna sun riga sun tafi da abin da suka sani, amma jikokinsu su ji. In kin yi, ki rubuto mini wa da wa suka zo, da abin da kowa ya ce. Kada ki rage komai.

Na aiko miki da dabino da abaya ɗaya. In ta yi tsawo ki rage.

Yayarki,
Mairo

*

Jos, 9 ga Mayu, 2019

Yaya Mairo,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Ina fatan sukarin yana barinki ki yi azumi. Ni likita ya hana ni bana. Abayar ta yi mini cif. Ki gafarce ni da jinkiri, ban sami mai tafiya ba sai yanzu da maƙwabcinmu zai yi umarar azumi.

Takardarki ta sa ni kuka. Duk abin da kika faɗa haka aka yi.

Maganar tara dangi, za a yi in Allah ya so, amma kin san yaran yanzu, wani yana Abuja wani yana Fatakwal, yawancinsu ma ba su taɓa jin labarin ba. Na ga fim ɗin zai fi saurin isa ga kowa. Sajida ta dawo sau uku. Na faɗa mata ni ce a hoton. Ta zaunar da ni a tsakar gida ta ɗauke ni awa biyu, na ba ta labarin yadda aka koya mana tafiya da littafi a ka, da yadda wata 'yar Kalaba ta ara mini takalmi, da tambayar da alƙalan gasa suka yi mini na ce ina so in zama malama. Kin ga kuwa na zama, har hedimistires. Yaya, da kin ga yadda ta rungume ni. A Kaduna za a fara nuna fim ɗin a watan Oktoba, za a kira mu ukun da muka rage a raye a ba mu lambar yabo.

Matsala ɗaya ce. Lauyansu ya ce duk takardun gasar da sunanki suke, ba za su sa Larai ba sai ke kin shaida a rubuce. Ga takardar nan na haɗo, layi uku ne kawai, ki sa hannu inda na yi alama da fensir. In ba haka ba da sunan Mairo Hussaini fim ɗin zai fita, kuma intanet za a ɗora shi, har ku a Jidda za ku gani.

Fauziyya ta ce ana shirin baikon Areej da wani yaro Nayef, ɗan gidan mutunci a unguwar Bagdadiyya ta Jidda. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin.

Ƙanwarki,
Larai

*

Waziriyya, 24 ga Ramadan, 1440

Larai,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Azumi ina yi.

Wata uku da rabi ina jiran takardarki. Duk ƙarar da ƙofa ta yi sai in ce ɗan saƙo ne. Har na tsara a raina yadda kika tara su a zauren Baba, wa ya zauna a ina. Da ta iso na buɗe, sai na ga fensir.

Ashe gyaran da kike nufi ke nan. Lokacin da abin yake abin kunya, sunana ne. Yanzu da ya zama lambar yabo kin zo karɓar kayanki, kuma ni zan sa miki hannu.

Kin ba Sajida labarin littafi a ka da takalmin 'yar Kalaba. Kin ba ta nawa? Kin gaya mata Baba ya cire ni daga aikin waya saura wata biyu in gama? Kin gaya mata mutanen Zaharadden, wanda zai aure ni, sun aiko a mayar musu da kayan gaisuwarsu, wata tsohuwa ta zo ta ɗauka ko zama ba ta yi ba? Kin gaya mata bayan an sauko daga Arfa Baba ya ajiye ni a unguwar Ruwais a nan Jidda wurin Gwaggo Hajara ya koma da fasfona a aljihunsa? Ni da na iya Turanci da haɗa layin waya, shekara goma sha ɗaya ina wanki da guga a gidajen mutane. Bayan nan na sayar da kunu da goro a bakin titi, in an ce ga 'yan sanda mu kwashi tire mu ruga. Shekara talatin ba ni da iƙama, takardar izinin zama. Inna ta yi jinyar wata tara tana kiran sunana, ban iya zuwa ba, don in na fita ba dawowa, ga yara ƙanana. Ke kika rufe mata ido. Ba na raina abin da Allah ya ba ni. Abduljalil mutumin kirki ne, bai taɓa tambayata abin da ya kawo ni ba. Amma ba wannan rayuwar na nufa ba, tura ni aka yi.

Kuma na gane abin da kika yi a ƙarshen takardarki. Kin ce fim zai hau intanet har Jidda, layi na gaba sai ga Areej da Nayef. Ban tsufa da gane magana ba. Kin san in uwar Nayef ta ga sunan kakar amarya a ƙarƙashin yarinya kai ba ɗankwali, halas, an gama. Wato ko in sa hannu ko jikata ta sha abin da na sha. Kina yarinya kin kama ƙafata, yau kin kama wuyana.

To ba zan sa ba. Na riga na biya wannan hoto da rayuwata, nawa ne. Ki gaya wa Sajida Mairo Hussaini tana raye a Waziriyya, in tana neman jaruma ta zo ta ga hannuwana.

Na mayar miki da takardarki yadda ta zo.

Mairo

*

Jos, 22 ga Yuli, 2019

Yaya Mairo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun yi salla lafiya. Ni a asibiti na yi tawa, hawan jini ya kayar da ni kwana biyu bayan takardarki ta iso. Ban faɗa don ki ji tausayina ba, don ki san dalilin shirun ne. Hannun dama ya dawo amma a hankali, shi ya sa rubutun ya karkace. Ɗana Abba zai sauke farali bana, shi zai kawo miki.

Na rantse da Allah ban haɗa maganar Areej da fim ba. Murna nake yi mata, kuma a wautata na ɗauka ke ma za ki so ki gan ni. Da na sake karanta kwafin da na ajiye sai na ga abin da kika gani. Na kira Sajida na ce in ba ki sa hannu ba ta cire ni da hoton gaba ɗaya. Ta ce ni za ta iya cirewa, amma shafin jarida na tarihi ne, zai fito yadda aka buga shi. Ban iya hana ta ba. Ga takardar na sake haɗowa, ba don lambar ba, sai don kada sunanki ya fito a fim ɗin.

Sauran abin da kika faɗa gaskiya ne. Na so lambar nan. Shekara hamsin da bakwai ban taɓa iya gaya wa duniya ni ce na tsaya a wurin nan ba, da na sami mai tambaya sai na manta da ke. Ba ni da abin kare kaina.

Amma akwai abu ɗaya da ba ki sani ba, kuma na yi rantsuwa a kansa. Na tambayi malami, ya ce in yi kaffara in faɗa.

Na gaya wa Baba. Ba a cikin makon da na yi miki alkawari ba, tsoro ya hana ni. Sai da na ga an kawo fasfonki, saura kwana ashirin ku tashi. Na same shi a zaure bayan la'asar yana gyara takardun kotu. Na durƙusa na ce, "Baba, ba Yaya ba ce, ni ce. Ni na saci takardarta."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani. Mairo ba ta da wushirya, ta hoton tana da ita. Tun ranar farko na sa gilashin karatu na duba."

Na ce, "To Baba a bar ta, ni a hukunta ni."

Ya ce, "Sunana aka buga, ba na ubanki ba. In na fito na ce ba 'yata ba ce, marainiyar da nake riƙo ce, wa zai yarda? Cewa za a yi Hussaini ya ɗora wa marainiya laifin 'yarsa. Gari ya riga ya karanta. In ta yi nisa za a manta."

Ya ɗauko Alƙur'ani ya sa na dafa, ba ke ba, ba Inna ba, ba kowa ba. Inna ta rasu ba ta sani ba.

Bayan rasuwarsa ya kamata in faɗa miki. A lokacin ina da miji da 'ya'ya biyar da makaranta a hannuna, na ɓuya a bayan rantsuwar don ta yi mini daɗi. Wannan laifina ne, ba nasa ba.

Ranar Asabar na tara waɗanda na samu, mutum goma sha huɗu, a tsohon zauren. Na faɗa musu duka. Wasu sun yi kuka. Ɗan autan ƙaninki ya tambaya ko wace ce Mairo.

Ki yi duk abin da kika ga dama da takardar.

Ƙanwarki,
Larai

*

Waziriyya, 27 ga Zulhajji, 1440

Larai,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi, ki riƙa shan maganin a kan lokaci. Abba ya zo sau biyu, yaron kirki ne, goshinsa irin na Inna. Gobe jirginsu zai tashi.

Na sa hannu. Don Areej na sa, ki sani. Ki je Kaduna ki karɓi lambarki. Ki gaya wa Sajida kada sunana ya fito daga bakin kowa a fim ɗin, kuma ta rubuta naki a kan shafin jaridar yadda zai rufe nawa.

Da na karanta takardarki na ce ƙarya kike yi, kin ga mutum ya mutu kin jingina masa. Kwana uku ina faɗin haka. A na huɗu na tuna wani abu.

Ranar da zai bar ni a Ruwais, motar alhazai ta tsaya a bakin layi, direba yana ta danna oda yana yalla yalla. Na riƙo masa jakarsa har ƙofar mota. Tun daga Jos bai dubi fuskata ba, ranar ma bai duba ba. Ya sa ƙafa ɗaya a mota, ya faɗi wata magana ƙasa-ƙasa, inji yana ƙara. Na ji "yafe". Na ɗauka cewa ya yi, "Na yafe miki." Na koma gidan Gwaggo ina murna, Larai. Ina murna ubana ya yafe mini abin da ban yi ba. Da wannan kalma na yi wankin shekara goma sha ɗaya. Duk Juma'a ina yi masa sadaka. Sau biyu na yi masa aikin hajji a ɓoye ba takarda, ina bin duwatsu a ƙafa don kada a kama ni. Kullum ina cewa bawan Allah, ya mutu da baƙin cikina, da ya san gaskiya da ya zo da kansa ya ɗauke ni.

Yanzu na sake sauraron maganar, na ji ta sarai. "Ki yafe mini" ya ce.

Ke na iya da ke. Na tsane ki shekara hamsin da shida, na saba, kamar ciwon baya ne, na san yadda zan kwanta da shi. Yarinya ce ke mai sha bakwai kika ji tsoro, tsohuwa ce ke kika so a tafa miki. Wannan na gane shi. Amma shi ya sa gilashi ya duba. Ya san 'yarsa, ya auna ni da maganar gari, ya ga maganar gari ta fi nauyi. Ya rayu shekara goma sha takwas bayan nan, yana da fasfona a akwati, ko layi ɗaya bai rubuto ba.

Ban sani ba ko in gode miki. Kin cire mini ƙaya ɗaya kin soka mini wadda ta fi ta tsawo, a shekarun da ba ni da lokacin warkewa. Amma gara da na sani.

Juma'ar da ta wuce na dafa shinkafar sadaka kamar kullum, Areej ta kai masallaci. Da ta dawo ta ce, "Sitti, limamin ya ce da sunan wa, kamar kullum?" Na ce ta ce masa da sunan Inna.

Abba ya ce duk shekara shi ke zuwa gyara kabarin Baba bayan damina. Ya ci gaba, Allah ya ba shi lada. Ya tambaye ni ko akwai addu'ar da nake so ya yi a madadina in ya je. Na ce tukuna. Mutumin ya roƙe ni abu ɗaya a bakin mota, sai yanzu roƙon ya iso. Ina da shekara saba'in da bakwai. Zan duba in gani ko ina da shi.

An sa baikon Areej bayan Maulidi. In kina da mai zuwa, ki aiko da daddawa.

Yayarki,
Mairo